Limamin Turawa a Aljihun Malam

Tun ranar da muka dawo Makka wayata ba ta huta ba. Wannan ta kira, "Hajiya Balki, ya Ingila?" Waccan ta tare ni a kasuwar Zahir ina tsakiyar tayin tumatir, "Wai da gaske ne ba sa ganin rana?" Na maimaita har bakina ya gaji. To ga shi na zauna na rubuta sau ɗaya, mai so ta karanta, wadda idonta ya yi rauni jikarta ta karanta mata. Amma ku sani tun yanzu, labarin Ingila kaɗan ne a ciki. Mafi yawansa labarin tumbin Malam ne, kuma da izininsa nake faɗa.

Ga wadda ba ta san mu ba, mu mutanen unguwar Rusaifa ne a nan Makka. Kakanninmu suka zo aikin Hajji daga ƙasar Kano, suka zauna, aka haife mu a nan. Maigidana, wanda kowa ke kira Malam, shi ne mai karantar da Alƙur'ani a unguwarmu, shi ake kira ɗaurin aure, suna, sauka, da addu'ar sabon gida. Duk inda aka yanka rago, Malam ne a gaban babban tire. Kun kuma san halin mutanenmu na nan, mun ɗauko karamcin Hausawa mun haɗa da rantsuwar Larabawa. Mai gida ba zai ce maka ƙara ba, sai dai, "Wallahi sai ka ƙara!" Shi kuwa Malam cewa yake in ya ƙi, ya karya wa mutum rantsuwa, ya jefa shi cikin kaffarar ciyar da miskinai goma. Wai don tausayin jama'a yake ci. Ni dai ban taɓa ganin tausayin da ake lashe masa yatsu ba sai nasa.

Abin dariya ne, amma ni ba ya ba ni dariya a cikin raina. Malam yana da ciwon suga. Bara ya yi tuntuɓe a bakin masallaci, ɗan ƙaramin miki a babban yatsansa na hagu ya ɗauki wata huɗu bai warke ba. Likita ya faɗa masa a gabana cewa in bai rage ci ba, ƙafar za ta tafi. Yayansa Haruna haka aka yanke masa tasa daga gwiwa. Kullum aka zo da gayyata sai gabana ya faɗi.

Shi ya sa da 'yarmu Safiyya, wadda ke karatun harhaɗa magunguna a wani gari arewa da Landan, ta ce mu zo bikin gama karatunta, ban tsaya shawara ba. Na lissafa a raina, mako uku babu walima, babu mandi, shinkafa da naman nan na Larabawa, babu mai rantsewa. Ko don wannan kaɗai tafiyar ta biya.

A jirgi daga Jidda aka kawo mana abinci a ɗan faranti mai ɗakuna-ɗakuna. Malam ya buɗe, ya duba, ya ce, "Wannan na ɗanɗanawa ne, ko?" Ya cinye nasa, ya fara kallon nawa ta gefen ido yana jan carbi. Na jawo farantina na kare da hannu. Ya ce, "Subhanallahi, Balki, ni da nake zikiri." Na ce ci gaba da zikirinka, Allah ya karɓa.

Da muka sauka, Safiyya ta riga ta gargaɗe ni kada in kawo nama, na kiyaye. Amma ba ta ce komai a kan daddawa ba. Na ƙulle ta a leda uku, na sa a gwangwani, na naɗe da tsohon zane. Wani ma'aikacin kwastan, dogo mai jan gemu, ya buɗe akwatina. Ya wuce kuka, ya wuce yaji, ya wuce dabino, sai ya kai ga gwangwanin. Ya kwance leda ta farko, ta biyu, yana buɗe ta uku ya ja da baya har ya bugi teburin bayansa. Ya kira abokin aikinsa, shi ma ya sansana, idonsa ya kawo ruwa. Turancina bai wuce na gaisuwa ba, sai na yi musu alamar tukunya da ludayi, na sumbaci yatsuna. Suka dubi juna. Mai jan gemun ya ƙulle min ledojin da kansa, da sauri, ya yi min nuni in wuce. Malam ya ce da ma ya sani babu hukumar da za ta iya riƙe wannan abu a ofishinta har la'asar.

Safiyya na jiranmu a waje. Na rungume ta na yi kukana, ita kuma tana ta cewa, "Ummi, halas, ya isa haka, mutane na kallo." Babu wanda ke kallo. Wannan shi ne abu na farko da na koya game da Turawan Ingila, ko kana cin wuta sai su duba wani gefen don kada su kunyata ka.

Muka hau jirgin ƙasa, tafiyar awa biyu. Tarago cike da mutane amma shiru kamar ana jiran liman ya yi kabbara. Malam ya shiga da sallamarsa da ƙarfi yadda ya saba, ba wanda ya ɗaga kai. Ni kuma ban iya cin abu a gaban mutum ba tare da na miƙa masa ba, sai na miƙa wa dattijon da ke gefena dabino. Ya ɗauki ƙwaya ɗaya tak, ya yi godiya sau huɗu, ya riƙe ƙwallon a hannunsa har muka sauka don bai san inda zai jefar ba.

Ɗakin Safiyya da mijinta bai fi ɗakin ajiyar kayana ba, don haka ta kama mana ɗaki a gidan maƙwabciyarta, wata tsohuwa mai suna Helen. Siririya ce, farin gashi, tana tafe da sauri kamar ta bar tukunya a wuta. Matakalar gidan ƙunci gare ta, Malam sai da ya hau ta a karkace. A banɗaki kuwa famfo biyu ne, ɗaya ƙanƙara, ɗaya tafasasshe, babu na tsakiya. Alwalar farko na ji Malam yana ta "Hasbunallahu!" daga ciki, in ya gudu daga wannan ya faɗa wancan. Buta kuma babu. Washegari Helen ta lura na ɓoye wata gorar ruwa a bayan ƙofa, sai ta ɗauko jarkar ban-ruwan furanninta mai dogon baki, ta wanke tas, ta ajiye mana. Tun daga ranar na ji matar nan ta shiga raina.

Kwana na uku ta gayyace mu cin abincin rana. Ta tambayi Safiyya abin da ya halatta gare mu, ta dafa kifi da dankalin Turawa da wani koren wake. Gishiri an nuna masa tukunya daga nesa, barkono kuwa ko labarinsa. Amma a ƙarshe ta fito da wani gasasshen abu na tuffa mai zafi, ƙamshinsa ya cika gidan. Ta yanka wa kowa ɗan kaɗan. Malam ya cinye nasa, fuskarsa ta washe. Helen ta ɗaga wuƙa ta tambaye shi ko a ƙara.

Malam ya dafa ƙirji yadda ake yi a gida, ya ce, "La, la, alhamdulillahi." Ya gyara zama yana jiran a matsa masa.

Helen ta yi murmushi, ta ɗauke tiren gaba ɗaya, ta shige kicin da shi.

Jama'a, da kun ga fuskar Malam! Ya bi tiren da ido har ya ɓace. Ya juyo ga Safiyya a hankali ya ce, "Ba ta rantse ba?"

Safiyya ta ce, "Baba, a nan in ka ce a'a, to a'a ɗin ce. Halas."

Ya ce, "Ko sau ɗaya ba a maimaitawa?"

Ni kuwa na cusa gefen mayafina a baki, hawaye na zuba. Helen ta dawo ta ganni haka, ta ɗauka kewar gida ce, ta dafa kafaɗata tana lallashina.

Ashe Helen tana aikin sa-kai a wani ƙaramin gidan tarihi na garin, kwana biyu a mako. Bayan an gama bikin Safiyya, wanda ya yi kyau ƙwarai, ta sa baƙar riga da hula mai faɗin kai kamar faifai, sai Helen ta ce lallai mu zo mu ga ɗakin da take kula da shi. Malam ya ɗan yi jan ƙafa, ya ce shi ba mai kallon zanen mutane ba ne. Na ce zo dai, ka kalli bango.

Ɗakin cike yake da ƙananan zane-zane a cikin gilashi, masu launi. Helen na bayani, Safiyya na fassara mana. Ta ce sun haura shekara ɗari biyu. A kan farantin tagulla ake sassaƙa zanen, a buga a takarda da yawa, a shafa launi da hannu, sannan a jera su a tagar kanti. Mai kuɗi ya saya, talaka ya tsaya a titi ya kalla kyauta ya yi dariyarsa. Kuma duk zolaya ce. Ga attajirai sun kewaye tebur, an zana musu kumatu kamar an hura, wani maɓallin rigarsa ya tsinke ya yi sama. Ga wani yana barci da cinyar kaza a hannu. Ba su bar kowa ba, har masu mulkinsu.

Sai muka kai bangon limaman coci. Helen ta ce a wancan zamanin manomi dole ya ba limamin garinsu kashi ɗaya cikin goma na amfanin gonarsa, ko yana so ko ba ya so, shi ya sa masu zane suka sa su gaba. Malam da ya ce bango zai kalla, sai ga shi ya matso har hancinsa na neman taɓa gilashi. Ya ga wani limami yana wa'azi jama'a duk sun yi barci, ya ƙyalƙyale da dariya ya ce, "Wannan kam har a wajenmu akwai." Ya ga wani ya saɓo ɗan alade a hammata yana gudu, matar manomi na bin sa da tsintsiya, ya yi a'uziyya yana dariya.

Na ƙarshen shi ne ya tsayar da mu. Wani limami ne zaune shi kaɗai a gaban tebur, baƙar riga, farin gashin aro ya karkace a kansa, an ɗaura masa ƙyalle a wuya. Tumbinsa ya hau kan tebur ya ture faranti. Gabansa gasasshen nama, kaji, kwalabe. A bayansa na'ibinsa na tsaye, siriri kamar sandar rake, yana haɗiyar yawu. A taga kuma wasu ramammun mutane sun leƙo suna kallon abincin. Ƙafar limamin ɗaya tana kan ƙaramar kujera, an nannaɗe ta da farin ƙyalle har ta yi girman tulu. Helen ta ce ciwon ƙafa ne da yawan ci da sha ke kawowa.

Malam ya yi dariya, amma gajeriya. Ya ce, "To ai wannan ƙwace yake yi. Ni ban taɓa karɓar na kowa da ƙarfi ba, ni ake yi wa dole."

Ban san lokacin da bakina ya suɓuce ba. Na ce, "Haka ne, Malam. Amma ƙafar dai iri ɗaya ce."

Safiyya ta zaro ido, ta ƙi fassarawa. Malam ya dube ni, ya dubi zanen, ya juya ya fita waje ya zauna a benci. Wallahi na yi nadama nan take. Shekara talatin da huɗu muna tare ban taɓa yanka masa magana a gaban 'ya ba, balle a gaban baƙuwa. Amma a ƙasan nadamar akwai tsoron nan da ya daɗe yana cina, kuma shi ne ya yi maganar.

Helen ba ta jin Hausa amma ba ta rasa ido ba. Ta kai mu ɗan shagon shayi na gidan, ta je da kanta ta kira Malam. Muna zaune ta ce wa Safiyya ta gaya masa cewa mahaifinta ma limamin coci ne a wani ƙauye, kuma irin wannan zanen yana rataye a ɗakin karatunsa har ya rasu. Ta ce aikinsa zagaya gidaje ne, gaida marar lafiya, ta'aziyya, barka, kuma kowane gida sai an kawo shayi da kek, in bai ci ba a ji haushi. Malam ya ɗago kai, karon farko tun fitarsa. Ya ce, "Tambaye ta, ya ya yi da su?"

Helen ta ce tun a bakin ƙofa, kafin ya cire hula, kafin matar gida ta ɗora ruwa, yake cewa kofi ɗaya zai sha ba kek. In ya riga su magana, ba wadda ke jin an ƙi nata.

Malam ya ce, "Hmm."

Kwana biyu yana amsa min magana da "to" da "madalla" kawai. Ranar jajibirin tafiyarmu ya ce zai ɗan taka ƙafa shi kaɗai, ya fita ya yi awa guda, ya dawo. Ban tambaya ba. Na yi wa Helen miyar kuka da tuwon semo na sallama, da daddawar nan tawa da ta tsallake kwastan. Ta buɗe tagogi duka, amma ta cinye, kuma da na ce a ƙara ta ce e tun tambayar farko. Na bar mata yaji, ta ba ni jarkar furannin nan wai in tuna da ita. Tana nan a banɗakina.

Mun dawo Makka ranar Talata. Laraba ina zazzage aljihunan Malam zan yi wanki, sai ga wani ɗan kati ya faɗo. Limamin nan ne, da tumbinsa da naɗaɗɗiyar ƙafarsa, irin ƙananan da ake sayarwa a bakin ƙofar gidan tarihin. Ashe can ya koma. Na tsaya riƙe da katin na rasa dariya zan yi ko kuka. Na ajiye masa a kan Alƙur'aninsa, sai na tuna abin da ke jiki, na yi maza na ɗauke na sa a aljihun wankakkiyar riga.

Juma'ar nan sai ga gayyata daga Alhaji Bukari na Zahir, sunan jikansa. Duk wadda ta san Alhaji Bukari ta san ba a Makka kaf mai rantsuwarsa a kan abinci, ya taɓa rantsewa sau uku a kan kofin shayi. Raguna biyu ya yanka. Bayan an sauko daga masallaci muka tafi. Mu mata muna ɗakin ciki, labule ne kawai tsakaninmu da zauren maza, na samu wuri dab da shi na zauna.

Na ji shigowar Malam. Ko takalmi bai gama cirewa ba, kafin mai gida ya buɗe baki, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji: "Salamu alaikum. Alhaji, Allah ya raya. Wallahi yau faranti ɗaya zan ci, ƙarami, ba ƙari."

Aka yi addu'a, aka kawo tire. Na leƙa ta gefen labule, na ga ya ɗebi ɗan kaɗan a faranti, ya ci a hankali, ya wanke hannu. Alhaji Bukari na ta mutsu-mutsu a zaune. Ya daure, ya daure, ya kasa. Ya turo wani sabon tire gaban Malam, shinkafa ta yi tozo, kafaɗar rago a kai, ya ce, "Ya Shehi, wallahi tallahi sai ka ƙara!"

Sai da maganar ta fita ya tuna. Ya kama baki.

Malam ya ce, "To, Alhaji, na riga ka rantsewa, jama'a shaida ne. Tawa ba za ta karye ba, sai dai taka."

Alhaji Bukari ya ce, "Yanzu ya zan yi, Malam?"

Malam ya sa hannu a aljihun ƙirjinsa, ya ɗan dafa abin da ke ciki bai fito da shi ba. Ya ce, "Miskinai goma. Da muna shigowa na ga masu shara suna hutawa a inuwar katangarka, da matan nan masu tallar gyaɗa. Sun kai goma, na ƙirga. Tun ɗazu ƙamshin nan ke isa wajensu. Ga tire a gabanka, ɗauki."

Zauren ya ɓarke da dariya, shi kansa Alhaji Bukari har da buga cinya. Ya miƙe ya naɗe hannun riga, ya ɗauki tiren nan da kansa, ya ce a biyo shi da na biyu. Matan da ke kusa da ni suna ta tambaya me ya faru, me ake wa dariya, ni kuwa na sake cusa mayafina a baki kamar ranar gidan Helen, sai dai wannan karon ba dariya kaɗai nake ɓoyewa ba.

A mota muna komawa Rusaifa, har mun wuce gada. Can Malam ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Balki, akwai sauran miyar kukar jiya?"

Na ce akwai.

Ya ce, "Ki zuba min kaɗan. In na ce ya isa, ki ɗauke."